Ƙyallin Tawadar Baba

Zanen dabbobi goma sha biyu aka ba ni na wani littafin yara, kuma tun a ranar na yi wa Baba alkawarin da tawadarsa zan yi su. Shi yake haɗa min ita a Ringim, da baƙin tukunya da ƙaro, irin wadda yake rubutun allo da ita, ya aiko min Dutse duk wata a kwalbar turare.

Yadda aikin yake, in zana a takarda, a ɗauka da sikana a shigar kwamfuta, sannan in zuba kala. Dole layin ya fito baƙi wuluk ba tsinkewa, in ba haka ba kalar ta tsiyaye ta kafar. Wani shago nake kaiwa a Limawa. Mai shagon ba ya magana, ni kuwa mutum shiru-shiru ba ya kwanta min a rai.

Ranar farko na zuba wa akuya ja, sai ga jan ya malale har sararin sama. Na ƙara girman hoton, na ga layin duk huda kamar gara ta ci, alhali a takardata lafiya lau yake. Na koma shagon, ya goge gilashin sikanar ya sake ɗauka. Haka dai. Ya mayar da hoton baƙi da fari zalla, ya ƙara duhu, ƙafar akuyar ta cushe, hudar tana nan.

A nan na fara zarginsa. Na ji ƙaninsa ma yana zane, kuma ya nemi aikin littafin nan bai samu ba. Wato so yake a ce na kasa. Na dinga tsayawa a kansa ina bin yatsunsa da ido, duk abin da ya danna sai na tambaya. Har alama na sa a bayan takardun kada a musanya min. Na kai wani shagon a ɓoye, hudar ta sake fitowa, na ce ai dama bakinsu ɗaya.

Rana ta huɗu na faɗa wa mai shagon farko zargina ɓaro-ɓaro. Ya ɗauki zanen ya fita bakin ƙofa, ya karkata shi a rana.

"Malama, zo ki gani," ya ce. "Tawadarki ƙyalli take yi. Ƙaro ya yi yawa. In fitilar sikana ta haska sai hasken ya dawo mata, ta ɗauka fari ne."

Kunya ta rufe ni, ko haƙurin kirki ban iya ba shi ba. Da gangan Baba yake ƙara min ƙaro, don a wurinsa mai ƙyalli ita ce tawadar girmamawa.

Lokaci ya ƙure. Na sayi tawadar kanti na sake zanen gaba ɗaya, layi ya fito fes, kala ta tsaya inda na sa ta.

Da littafin ya fito na kai wa Baba. Ya duba shafi-shafi, sannan ya ce in miƙo zanen da na yi da hannu a takarda. Ya daɗe yana kallon akuyar. Sai ya jiƙa yatsa da yawu ya murza gefen layin. Da tawadar allo ce, da ta narke. Wannan ko gezau.

"Ta fi tawa riƙo," ya ce, ya miƙo min takardar.

"Baba, sikanar ce…"

"Allah ya yi albarka."

Wata ya ƙare ina zuba ido. Kwalba ba ta zo ba, kuma har yau ban iya tambaya ba.