Kirikirin Kawu

Jiya na ji ƙanshin ciyawar da aka yanka, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A shekarar farin nan aka ba ni gidan gwamnati a Unguwar Rimi. Kawu, wanda ya tsufa yana yi wa Turawa aikin lambu, ya raka ni bakin kogi, inda ake sayar da ciyawa da ƙasarta. Shi kore ba ya ruɗinsa. Kifa ta yake yi, ya sunsuna saiwar.

"Ɗauki kirikiri, ɗana, shi ke jure rana. Waccan mai laushin ruwa take sha, bana kuwa babu ruwa."

"Kawu, gidana ne," na ce masa a gaban mai sayarwa, na ɗauki mai laushin.

Shi ya dasa ta, a durƙushe cikin rana. Da famfo ya ƙafe, ya riƙa ɗebo ruwa a garwa yana tari. Duk da haka ta ƙone. Kafin damina ta faɗi muka binne shi.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kirikirin da ya dasa a ɓoye bayan kicin kuwa har yau yana nan.

Allah ya sanyaya kabarinka, Kawu, ni ban sanyaya maka rai ba.