Lodar Malam Bitrus da Na Goge da Hannuna

Malam Bitrus ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina cikin shirin fita ofis Alhaji Sale, mai sayen citta a kasuwar Kafanchan, ya kira ni. Ko gaisuwa babu. Ya ce, "Rahila, abokina ya tafi." Na ce wane abokin, alhali na sani sarai.

Har yanzu ban yi kukan kirki ba. Haushi ne ya cika mini ciki, kuma yau sai na faɗi abin da ke raina, wanda zai ji zafi ya ji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam ne ya koya mini kwamfuta a makarantar mishan a Kagoro, lokacin da duk ajinmu ke layi a kan kwamfuta ɗaya. Idan yara maza suka ture ni baya, sai ya ce, "Ku matsa, injiniya za ta zauna." Ni da ko linzamin kwamfuta ban iya riƙewa ba!

Bayan na gama karatu, shi ya kawo ni aiki a ƙungiyar da ke yi wa manoman citta hidima. Ba zan kira sunanta ba, sun san kansu.

Watanni na farko a bayan mashin ɗinsa nake zuwa ofis. Bai taɓa gyara mini kod, wato rubutun da ke ba kwamfuta umarni, a gaban mutane ba. Sai kowa ya fita cin abinci sannan zai jawo kujera ya ce, "Zo mu ga wannan layin, kamar yana ɗingishi."

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don ku gane abin da aka yi masa.

Muna da saba, wato kwamfutar da ke kiran wayoyin manoma ta faɗa musu saƙo da murya: ruwa na zuwa, cuta ta ɓulla a gona, taro ranar kaza. Kowane yare yana da nasa ƙunshin kod, muna kiransa modul. A ciki akwai gaisuwa, da ƙirga, da sunayen ranaku. Akwai na Jju, na Gworok, na Tyap, na Hausa, na Turanci. Kafin saba ta kira mutum, dole a ɗauko mata modul ɗin yarensa. Abin da ke ɗaukowar shi ne loda.

To, lodar da take zuwa da saba ba ta da wayo ko na sisin kwabo. Suna kawai ta sani. Ka ba ta daidai ta ɗauko, ka kuskure harafi ɗaya ta ce babu.

Mu kuwa rajistarmu mutane ne suka rubuta ta, a ƙauye, a tsaye, cikin rana. A wurin yare wani ya rubuta Kaje, wani Jju, wani Bajju. Wani ya rubuta Kagoro, wani Gworok. Akwai wadda ta cika shafi guda da "yaren gida". Shi ke nan, yaren gida!

Sai Malam ya zauna ya rubuta tasa lodar. Ita ta san Kaje da Jju da Bajju hanya ɗaya suke. Idan ta ga "yaren gida" sai ta duba garin mutumin ta gane. Idan babu modul ɗin yarenka, ta ɗauko na yaren da ya fi kusa, in babu ta ɗauko Hausa. Turanci shi ne can ƙarshen layi.

Yakan ce mini, "Ni ɗan lodi ne a tasha. In babu motar garinka, zan sa ka a ta garin da ke kusa, ka ƙarasa da ƙafa. Ba zan cusa ka a motar Legas don ita ce ta cika ba."

Shekaru lodar nan tana aiki. Ba wanda ya taɓa yabonta, don ba ta taɓa ba da matsala ba balle a tuna da ita.

Sai bara aka kawo mana ƙwararre daga Abuja, wai zai sabunta komai. Mutumin nan bai taɓa taka Godogodo ba. Bai san inda Fadan Kaje take ba, garinmu ke nan, sai da na nuna masa a taswira. A mitin na bidiyo ya buɗe fayil ɗin Malam a gaban kowa, yana gungurawa yana murmushi. Ya ce da Turanci wai ba a taɓa loda, a duniya ba haka ake yi ba, wannan kod ɗin ƙauye ne.

Kod ɗin ƙauye. To, da wa ake yi wa aikin, 'yan birni?

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, mutumin da ya girmi kowa a mitin ɗin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka cire ta ba ka gyara rajista ba, kowa zai faɗa Turanci." Ƙwararre ya ce an ji, za a duba daga baya. Oganmu ya kashe wa Malam makirfo. Na gani da idona, ina zaune kusa da Oga.

Sati bai cika ba aka canja wa Malam faswod, kalmar sirrin shiga saba. Ba takardar sallama, ba godiya. Ya zo da safe ya zauna zai shiga saba, ta ƙi shi. Ya gwada sau uku, yana tsammanin yatsunsa ne. Sannan ya rufe laftof ɗinsa ya ce mana sai an jima.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa a fili ba sai yau.

Ni ce na goge lodar.

Oga ya tsaya a kaina ya ce, "Rahila, ke kika san wurin, ki cire." Ya ƙara da cewa daga ranar duk wanda ya taɓa saba ba da izinin Abuja ba, ya kwashe kayansa. Ina da yara biyu. Na sunkuyar da kai na danna. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Kuma abin da Malam ya faɗa shi ya faru, babu ragi. Waya ta yi ƙara a gona, tsohuwa ta goge hannu ta ɗauka, sai ta ji Baturiya tana surutu. Me za ta yi? Ta kashe mana, ta ce 'yan damfara ne. Har Alhaji Sale da ke jin Turanci daidai gwargwado ya tare ni a kasuwa ya ce, "'Yata, wace ce wannan da kuka sa take damuna? Ina Hausar?"

A lokacin ne muka aika gargaɗi cewa kada kowa ya ajiye iri daga gonar da citta ta ruɓe. Na san wata uwa a Godogodo da ta ajiye, don ba ta ji ba. Ta shuka, gonar ta tafi gaba ɗaya. A allon ƙwararre kuwa komai kore shar, wai an isar da saƙo. An isar wa wa, don Allah?

Na kai ƙara sau biyu. Aka ce manoma za su saba.

Ban ce su suka kashe shi ba, kada a juya mini magana. Hawan jini ne, ya daɗe yana fama da shi. Amma mutum ya ba ku ƙarfinsa, ku kashe masa makirfo? Haba!

Ganina na ƙarshe da shi sati uku ke nan. Na yi wata da watanni ina guje masa don kunya, sai na ji jikin ya yi tsanani. Na hau mashin zuwa Kagoro. Na same shi a kujera a ƙofar gida yana kallon dutse, ya rame, hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. Matarsa, Mama Jummai, ta kawo mini kunun acca.

Na ce, "Malam, ni ce na cire."

Ya ce, "Na sani. Sunanki na gani a kai kafin su rufe ni."

Na jira faɗa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai cewa ya yi, "Kin goge da kyau dai? Ba ki bar rabin layi yana lilo ba?" Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Ki sha kununki duka. Tsofaffin nan ne kawai ke damuna, suna ɗauka an manta da su."

Shi ke nan maganarmu ta ƙarshe.

Yanzu ku ji abin da ya faru yau.

Na isa ofis idona jawur. Kafin in zauna har an sa hotonsa a shafin ƙungiya, wai ginshiƙinmu, wai ba za a taɓa maye gurbinsa ba. Ku da kuka maye gurbinsa da faswod! Oga ya miƙo mini takarda ya ce in sa saba ta kira dukan manoma ta sanar da rasuwar da ranar jana'iza. Na duba takardar. Turanci ne daga sama har ƙasa.

Wato a sanar da mutuwar Malam Bitrus da muryar da kowa ke kashewa.

Na ce to. Na jira ya fita. Abin da aka goge a kod ba ya ɓacewa, yana nan a tarihin aikin in ka san inda za ka duba, kuma wanda ya koya mini dubawar shi ne za a binne. Na dawo da lodar yadda take, ban taɓa ko waƙafi ba. Na karanta sanarwar da Jju da Hausa da bakina. Abokan aiki biyu suka karanta ta Gworok da ta Tyap. Ba zan faɗi sunansu ba, in kamu ne a kama ni ni kaɗai.

Na gwada a lambata, Jju ta fito tsaf. Na saki kiran.

Wajen la'asar wayata ta yi ƙara. Mama Jummai.

Sai a lokacin na farga. Na manta tana cikin rajista, tana da 'yar gonar citta a bayan gida. Kuma na manta da abin da ya fi wannan. Kowane modul yana fara kira da gaisuwar da aka ɗauka tun farkon aikin, kuma gaisuwar Gworok Malam ne ya yi ta da bakinsa. Ni Jju na gwada, ban ji ba.

Ku duba abin da na yi wa matar nan. Tana zaune a tsakiyar matan zumuntar coci da suka zo ta'aziyya, waya ta yi ƙara, ta ɗauka. Sai muryar mijinta da yarensu: sannunku da aiki mutanen gida, ku saurara, ga saƙo. Sannan wata murya ta ce ya mutu.

Na ɗauki wayar. Ta ce, "Rahila, ke kika sa shi ya kira ni?"

Na ce, "Mama, ki yafe mini. Kuskure ne, ban tuna ba, yanzu zan cire lambarki."

Ta ce, "Kada ki cire."

Ina jin matan suna waƙa a bayanta a hankali. Ta ja numfashi ta ce, "Ki sa ya sake kira. Amma ki cire na bayan nan. Gaisuwar kawai."

Na sa ya kira. Na ga a allo ta saurara har ƙarshe.

Oga ya gano, ya aiko mini saƙo cewa in same shi ranar Litinin da safe. Na san me ake nufi. Oga, na san kana karanta wannan, to ka ji: ba zan sake gogewa ba. In za a cire ta, ka zo ka danna da naka yatsan, sannan ka hau mashin zuwa Kagoro ka faɗa wa Mama Jummai da bakinka. Daga yau zuwa ranar da za ku canja mini faswod, kowace safiya wayarta za ta yi ƙara.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus, ka ba shi hutun da mu muka hana shi. Ka riƙe Mama Jummai da yaran. Ka gafarta mini abin da hannuna ya yi, ka kuma sanyaya mini zuciya, don ni kaɗai ba zan iya ba yau.

Duk wanda ya karanta har nan, na coci da na masallaci, kada ku tsaya a danna hoton kuka ku wuce. Ku yi masa addu'a, kowa da yaren da yake yi wa Allah magana. In kun gama, ku sa ni a ciki saboda Litinin.