Goma ga Wane Wata?

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ba zan taɓa mantawa ba, ba sai na yi dogon tunani ba. Ita ce ranar da na kwaso baƙin ƙasashe biyar na shigo da su Wurno, na tarar da gari wayam.

A lokacin ina koyarwa a firamare, ni ne kuma sakataren reshenmu na wata ƙungiyar raya al'adu ta duniya. Duk shekara rassan yammacin Afirka kan haɗu a gari ɗaya, a waccan shekarar kuwa yankinmu aka ba. Mutanen Goronyo suka ce a kai musu, tunda an gama madatsar ruwa, ga masauki ga lantarki. Ni kuwa na kafe. Na ce wanda ya taso neman al'ada me zai kalla a jikin siminti? Wurno tsohon ribaɗi ce, wato sansanin zamanin jihadi, nan hubbaren ɗan Shehu yake. Na yi ta zuba har aka ba mu, da sharaɗin in aka ga gazawa ranar farko, a juya motoci zuwa Goronyo. Na bugi ƙirji na ce ko kusa.

Da takarda ta iso, na tafi wurin wani dattijo wanda tarihin garin ke bakinsa, wanda in ya ce a fito ba mai zama. Na durƙusa na ce, "Baba, baƙi za su iso goma ga wata." Ya ce, "Goma ga wata? Ba komi, Malam. Makaɗa da masaƙa da majema, duk ka bar min su." Na fito ina taku kamar an naɗa ni sarauta. Har farar riga sabuwa na ɗinka.

Ranar goma na tarbi baƙi a Achida, motoci biyu cike. Tun daga can bakina bai rufu ba. Na ce su gyara kunnuwansu, kiɗa zai tarbe su tun daga ƙofar gari. Muka shiga ƙofar, shiru. Muka isa dandali, sai awaki. Wata tsohuwa kaɗai na samu, na tambaye ta ina mutane. Ta ce, "Suna hwadama. Yau anka sako muna ruwa daga madatsa."

Shugabar tawagar, wata Hajiya daga Nijar, ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ko kiɗan naku na sirri ne?" Takwarana, sakataren reshen Goronyo, da ke zaune kusa da direba, ya gyara hula ya ce a hankali, "Garinmu dai ba nisa." Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙi Hajiya su jira ni in je in dawo, ta ce a'a, inda mutanen gari suke can za su bi ni.

Muka sami Baba a cikin fangalin albasarsa, ya naɗe wando har gwiwa yana juya ruwa da fartanya. Na ce, "Baba, ga baƙi sun iso!" Ya ce, "Waɗanne baƙi? Ba goma ga wata kac ce ba?" Na ce yau ai goma. Ya dube ni, ya dubi sama, sai ya fashe da dariya har yana dafa fartanya. "Kai, ɗan boko! Yau ukku ga wata. Kai na bango kaka ƙirga, mu ko na sama!"

Nan na gane ɓarnar da na yi. Na ce ya taimake ni ya sa mutane su koma gari. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ruwan ga in munka bar shi, sai wani mako. Albasa ba ta jiran baƙo. Amma wa yac ce sai cikin gari aka karɓar mutum?" Ya ƙwala wa wani kira daga fangalin gaba. Mutumin ya taso laka har wuya, ashe shi ne sarkin makaɗan noma, gangarsa kuwa tana rataye a jikin gawo.

Ganga na tashi, fadama ta ɗauka. Fartanyu suka riƙa sauka tare, makaɗin yana kiran kowane manomi da kirarin gidansu, matan da suka kawo fura suka saki guɗa. Ban ankara ba na ga Hajiya ta tuɓe takalma ta afka ruwa. Wani baƙo daga Gana ya bi ta, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, ya ƙi tashi don dariya. Ni da nake tattare farar rigata, ban san lokacin da na sake ta na shiga rawa ba. Har mutumin Goronyo na gani da fartanya a hannu, wai gwadawa kawai yake.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, Baba ya ba da tarihin garin, laka na bushewa a ƙwaurinsa, yana nuna da yatsa tudun da aka kafa garin a kai. Da ya gama, Hajiya ta ce shekara da shekaru ana zaunar da su a kujera a yi musu wasa, yau ne ta ga kiɗa yana aiki. Ta ce taro yana nan Wurno. Na yi tsalle kamar ba malami ba.

Kwana uku suka yi suka tafi. Ranar goma ta watan sama kuwa Baba ya aiko a kira ni dandali. Gari kaf ya fito da kwalliya, an jera kujeru. Ya ce, "Mun riga mun yi shiri. Zamna, yau kai ne baƙin." Ni kaɗai na zauna aka yi mini wasa har la'asar, ana nuna ni ana dariya.

Tun daga ranar na san faɗar magana daban, isar da ita daban. Boko ya sa na ɗauka kalandar da ke bangon ajina ita kowa ke kallo, saura kaɗan garinmu ya ji kunya saboda ni. In ka kai wa mutum saƙo, kada ka tashi sai ka ji yadda shi ya ji shi.