Alhasan, na ga tserenka na Yendi

Ina ɓare gyaɗa jikata ta miƙo mini waya, wai daga Bawku. Alhasan ya rasu bayan sallar asuba. Na ce innalillahi, na ci gaba da ɓara, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Taubashina ne, ɗan kawuna. A Salaga muka tashi, kuma tsakanin taubasai ba a yabo, sai tsiya. Da ya fara tseren keke, shekarun da ƙasa ta samu 'yanci, ya aske gashin ƙafarsa, wai in ya faɗi ciwo ya fi saurin warkewa. Na ce, "Amarya, saura lalle." Ya ce, "Baiwata, riƙe mini famfo." Kawu malami ne, bai yarda ɗansa ya fita da gajeren wando ba, ya hana kowa a gida zuwa kallo. Alhasan shi kaɗai yake bin hanyar Kpandai kullum, ya dawo ya wanke sarƙar kekensa kafin ya wanke fuskarsa. Yakan ce, "Hawan tudu ba wuya, saukowa ba mai jiranka ne wuya."

Aka aurar da ni Yendi. Ranar da wani tserensu ya ƙare a garin, na ce wa maigida za ni rijiya, na laɓe bayan wata kuka da tulu. Alhasan ne ya fara shigowa. Ya tsaya yana haki, yana duba fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ban fito ba, ina tsoron a kai labari gida.

Daga baya ya je Kumasi ya yi ta zagaya fili, ya kawo kofuna. Amma duk zuwansa sai ya ce, "Na ci a Yendi, ba idon gida ko ɗaya." In ce, "Ai su suka tausaya wa ƙafar sauro." Maigida ya rasu, Kawu ya rasu, ba sauran wanda zan ji wa tsoro, bakina dai ya riga ya saba da tsiya. Na ce a raina sai Sallah mai zuwa zan faɗa masa.

Alhasan, na gani. Ba wanda ya kama ƙafarka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe mini shiruna. Ya ba matarka Hajiya Memuna da 'ya'yanka haƙuri. Mu da muka rage, ya sa mu cika da imani.