Layin da Mai Guga Ya Ja

Duk unguwar ta san mai guga da faɗa. Wanda ya kawo masa riga da biro a aljihu sai ya sha masifa, wanda ya yi masa gaggawa ya sha ninki biyu. Amma a da, faɗan nasa a shago yake tsayawa, tsakanin teburin guga da igiyar rataye kaya. Sai ranar da mota ta kwashe matarsa a hanyarta ta zuwa shagon ɗinkin da take aiki. Ba ta yi gangancin komai ba. Dakalin masu tafiya da ƙafa ne ya ƙare a bakin kwata, ta sauka kan kwalta kamar yadda kowa yake sauka. A keken guragu ta dawo daga asibiti.

Wani direban tasi da yake kawo masa guga ne ya nuna masa taswirar intanet wadda kowa zai iya shiga ya gyara. Mai guga ya duba, ransa ya ɓaci. Kowane titin mota an zana shi tsaf, har gidajen mai da wurin wankin mota, amma babu layi ko ɗaya na mai tafiya da ƙafa.

"Wato mu a iska muke yawo ke nan?" in ji shi.

Tun daga nan ya ɗauki abin da zafi. Da ya kashe dutsen guga da yamma sai ya bi gefen titi da waya a hannu, yana jan siririn layi a taswirar kusa da na mota da babban yatsansa mai tabon ƙuna. Inda dakali ya ƙare, ya yanke layin. Inda aka sace murfin kwata, ya sa alama. Akwai wasu masu gyaran taswirar da suke zane daga hoton sama, ba su taɓa taka unguwar ba, sukan haɗe masa layukan wai don su yi kyan gani. Yakan sake yankewa, ya bar musu saƙo: "Ka sauko ka taka tukuna." Alfaharinsa ke nan, duk layin da ya ja da ƙafarsa ya bi shi.

Ba don neman suna yake yi ba. Mai shagon ɗinkin ta ajiye wa matarsa kekenta na ɗinki, har ta sa an mayar da shi na hannu, amma ta faɗa a fili cewa akwai wata tela da take jiran gurbin. Shi kuma ba zai iya turo ta kowace safiya ba, don lokacin ne kaya suke shigowa. Dole a samu hanyar da za ta bi ita kaɗai. Ya kuwa samo ta: ta bayan makaranta, ta gaban kemis, har ƙofar shago. Zagaye ce, amma layin bai yanke ko'ina ba.

Da safen da za ta fita, da kansa ya goge mata mayafi. Ko hantsi bai yi ba sai ga ta ta dawo, gumi sharkaf, tafin hannunta a ƙuje.

Ya fizgi waya. "Wane ɗan iskan ne ya taɓa min layi?"

Ya duba sama da ƙasa. Babu wanda ya taɓa. Layin nasa ne, yadda ya ja shi.

"Gaban kemis ne," ta ce. "Sun zuba siminti don kada ruwan sama ya shiga musu. Tudu ne, bai kai taƙi ba."

"Babu komai a wurin! Sau nawa na bi?"

"Da ƙafa ka bi, maigida." Ta nuna masa tafin hannunta. "Na yi ta dukan abin nan da taya, mutane suka taru, kowa sannu, sannu. Wasu ƙarti suka kama keken za su ɗaga ni kamar buhun gawayi, ko tambayata ba su yi ba. Haka zan riƙa zuwa aiki kullum? A hannun mutane?"

Ya rasa wanda zai zaga.

"Ɗora ni a kan benci," ta ce. "Hau keken nan ka je."

Ya hau. Kafin ya wuce makaranta kafaɗunsa sun ɗau wuta, ga gangaren da bai taɓa sanin da shi ba yana jan keken zuwa kwata. A gaban kemis ƙananan tayun gaba suka daki simintin suka tsaya cak. Ya ja baya, ya sake tunkara, har haƙoransa suka haɗu.

"Sannu baba, bari in ɗaga ka," in ji wani mai wucewa.

"Kada ka taɓa ni!"

Ya fiddo waya ya yanke layin nan nasa. Bai tashi daga keken ba. Da kyar ya juya shi ya nufi lungun bayan kemis, ko akwai wata hanyar, yana tsine wa duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti a garin, yana haɗawa da ƙafafunsa.