Damin Agadas

A gidanmu na Bebeji, duk shekara in an yi girbi, damin geron da aka fara ɗaurewa ba namu ba ne. Baba da kansa yake tsince zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya ɗauko a ka har gida, ga mu ƙatti muna biye da shi hannu na dukan cinya. Damin yana da gefensa a rumbu, yana da sunansa: damin Agadas.

In ka tambayi dalili, ka jawo wa kanka, don ranar ba ka da sauran aiki. Zai ce asalinmu mutanen Agadas ne, kakan kakansa ne ya biyo ayarin raƙuma ya sauka nan, ƙasar ta yi masa daɗi ya zauna. Sai ya ɗauki tsinke ya zana maka birnin a ƙasa. Ga hasumiyar masallaci ta jar ƙasa, itatuwa sun fito ta jikinta kamar ƙayar bushiya. Ga duwatsun Azbin ta arewa. Ta gabas kuwa rairayi ne, a yi kwana da kwanaki ba a ga ko tsuntsu ba kafin a kai gishirin Bilma. Ya haddace hanyar zango-zango, Damagaram, Damargu, har ƙofar gari. Mutumin da bai taɓa wuce Kazaure ba!

Yana ƙarami ya ga ayari na ƙarshe da ya sauka a bayan gari, ya ga mahaifinsa ya kai musu dami. "Zumunci ne," in ji shi. "'Yan'uwanmu can ba su da damina. Mu ne masu abinci, mu muke aika musu." Ayari ya daina zuwa, motoci suka gaji hanya, amma dami bai daina ba. In shekara ta zagayo sai a ba duk matafiyin da ya nufi arewa, a ce ya kai gida. Allah kaɗai ya san tukunyar da yake ƙarewa.

Abin da ya fi burge shi da mutanen can shi ne amawali, gefen rawanin da suke rufe baki da shi. Ya sha gaya mana cewa namiji a can ba ya buɗe baki a gaban wanda yake ganin girmansa, ko loma ce ta ƙarƙashin rawani yake kai ta. Sai a gaban yara da bayi ake sauke shi. Haka shi ma yake naɗa nasa, abokan zamansa suna tsokanarsa, wai ga Ba'azbinen da ke gudun raƙumi.

Shekarar da aka haifi ɗana na biyu, Baba ya je kasuwar Ƙafin Maiyaki sayen kanwar dabbobi, ya dawo da baƙo. Dogon dattijo ne mai sayar da kanwa da dabino, haifaffen cikin birnin Agadas. Ban taɓa ganin Baba cikin murna irin ta ranar ba. Ragon da muke kiwo don layya ya sa aka kayar. Ya aika aka kira liman da abokan nan masu tsokana, zaure ya cika.

Baƙon yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amawalinsa har karan hanci, yana kai nama ta ƙarƙashi. Baba ya zungure ni. "Ka gani ko? Ya san a gaban wa yake."

Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da dami a ka, ya dire a gaban baƙo. Ya ba shi labarin tun daga kakan kakansa, ya faɗi sunan gidan da muka fito.

"Na san gidan, Malam," in ji baƙon. "Unguwarmu ɗaya. Suna da mutane da yawa a ƙasar Kano."

"To kun ji!" Baba ya juya ga abokansa.

"A da kowane babban gida yakan zaunar da bayinsa a kudu su noma masa gero. In ayari ya kawo gishiri, sai ya koma da hatsin." Baƙon ya ɗan yi dariya. "Wallahi ban san akwai masu biya har yanzu ba."

Ya sa yatsa ya ja amawalinsa ƙasa har haɓa, ya jawo kwanon, ya ci gaba da cin naman ragonmu baki buɗe. Da ya haɗiye sai ya dubi Baba. "Amma kai, dami ɗaya? Na kakanninku da raƙuma ake lodawa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma abin da yake ƙona mini rai har yau ke nan. Da zagi ne da na san yadda zan yi da shi. Liman ya yi gyaran murya ya ce dukkanmu 'ya'yan Annabi Adamu ne, aka amsa masa da ƙarfi fiye da kima. Abokan tsokana suka riƙa tuna uzuri ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa idonsa na kan haɓar mutumin. Shi ya koya mana ma'anar abin, ba ya buƙatar a fassara masa. Da baƙon zai tafi kuwa, Baba ya sa aka ɗaure masa damin a bayan babur. Mutumin bai ce an gode ba.

Tun daga ranar Baba bai ƙara zana birni a ƙasa ba. Abokansa ma suka daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Yanzu nakan ga hotunan hasumiyar a waya, ana ta yabon tarihin birnin da masu gininsa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi geron wa suka ci ba. Kashe wayar nake yi.

Da kaka ta zagayo na zuba ido. Baba ya tsinci zangarniya kamar kullum, ya ɗaure, ya tsaya a kanta ya daɗe.

Na ce, "Baba, ku bar shi mana. Wa za ku kai wa?"

"Ubana ya ɗaure, kakana ya ɗaure," in ji shi. "In na bari, na yarda da maganar ke nan. In na ba wani, na biya." Ya ɗora a ka ya kama hanyar gida.

Bayan rasuwarsa muka buɗe rumbu don a fitar da hatsin sadaka. Muka tarar da su jere a gefen nan, damin kowace shekara, bai ba kowa ba, bai bari mun ci ba. Na ɗaga na sama, igiyar ta tsinke a hannuna. Ƙwari sun cinye tsabar kaf, sai ƙaiƙayi ya zubo mini a ƙafa.