Robar da na ɗaura a hanyar Gwashi

Mun tashi da asuba daga tashar Gummi, ni da ƙullin maganin hawan jinin Inna. Nata ya ƙare kwana huɗu da suka wuce, yayana ba ya gari, ba mai kai mata sai ni. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, wai saboda halin hanya. A motar ba wanda na sani. Ƙosan da na saya ya huce a hannuna ban ci ba.

Kusa da ni akwai wani mai haƙar zinari da zai wuce Anka, baki gare shi kamar rediyo. Ya ce kafin su shiga rami sukan ɗaure cinya da robar tayar babur, jini ya ɗan tsaya, sai ƙafa ta wuni tana aiki ba ta gaji ba. Wata ma'aikaciyar jinya Kirista da ke gaba ta waigo.

"Malam, faɗi sauran mana. Minti biyar ne ake ɗaurewa, sai a kwance robar, a huta, a sake. 'Yan tsere na yi da abin awon jini. Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba."

"Sista, mu agogonmu a ciki yake," in ji shi. Aka yi dariya.

A Bukkuyum masu babur suka ce iyakarsu bakin rafi, sauran sai a ƙafa, tafiyar awa biyu. Ni da ko zuwa kasuwa ke sa ni haki. Na sayi roba wurin mai faci, na ɓuya bayan wata rumfa na ɗaure cinyoyina tamau a ƙarƙashin zani. Lissafina shi ne, in minti biyar na ƙara ƙarfi, to a daɗe ya fi.

Muka hau babura. Hanyar duk kwazazzabai ce. Dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, ga gonakin da ba a nome ba, ga rugar da babu ko kaza. Zafin robar ya dame ni da farko, daga baya na daina jin komai, har na ɗauka abin ya fara aiki.

Mu biyar aka sauke a bakin rafi. Masu babur na juyawa muka ji ƙugin wasu baburan, da yawa, daga gabas. Kowa ya faɗa cikin dawa. Na ɗaga ƙafa, babu ƙafa. Na zube.

Da gwiwar hannu na ja jikina cikin ciyawa. Ƙullin robar ya ƙi kwantuwa sai da na sa farce har ya karye. Jinin ya dawo kamar an zuba mini tururuwa da allurai, na cusa hijabi a baki don kada in yi ihu. Baburan suka wuce. Ban ɗaga kai ba, har yau ban san ko su wane ne ba. Na yi ta kiran sunan Allah a zuci, ina jiran wani cikin huɗun nan ya dawo. Ba wanda ya dawo.

Sai bayan la'asar na isa Gwashi, ina ɗingishi. Inna ta sha maganinta, sannan ta ga shatar robar a cinyoyina.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka yi ma ƙahwahunki?"

Na faɗa mata. Ta daɗe tana shafa mini man shanu.

"Shekara hamsin ina bin hanyag ga," ta ce, "ban taɓa ɗaure komi ba sai zanena."

Kwana biyu na yi na dawo Gummi ta hanyar da na bi. Ana soya kifi a tasha, kowa na harkarsa. Ban riƙe mutanen nan huɗu a rai ba, da ƙafata na aiki ni ma da na gudu. Abin da na koya shi ne an faɗi maganar gaba ɗaya a gabana, ɗauri da kwancewa, na ɗauki rabin da tsorona yake so. Shatar ta fara bajewa. Amma ko yanzu in babur biyu suka wuce ƙofar gidanmu tare, sai in tarar da hannuna a kan cinyata, yana neman ƙulli.